Amsa ga mai tambayar cin abinci a ƙananan shagunan Bankok

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce za ka yi kwana goma a Bankok, babban birnin Tailan, sarin kaya, masaukinka a unguwar Pratunam, kana tambaya ko mutum zai iya shiga ƙananan gidajen abincinsu ya ci hankali kwance, ko kuwa gara ka cika jaka da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Za ka ci, har ka yi santi. Sai dai na ga wasu sun ce maka ka riƙa cewa "ban da alade" kawai, shi ke nan. Wannan bai wadatar ba, kuma a nan zan fi daɗewa.

A Tailan naman alade shi ne naman yau da kullum, sunansa "mu". In ka nemi abinci ba ka ambaci nama ba, akasari shi za a zuba. Kana iya cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, kuma mai girkin za ta ji, ba za ta yaudare ka ba. Amma abin da ta fahimta shi ne kada ka ga tsoka a kwanonka. Romon da ke tafasa a babbar tukunyar mai taliya, da ƙashin alade aka dafa shi tun asuba, ko da ƙwallon kifi ka zaɓa a kai. Soyayyar tafarnuwar da ake barbaɗawa sau da yawa haɗe take da ƙanzon kitsen alade. Garin ɗanɗanon da suke sawa kamar yadda muke sa magi, akwai mai ɗanɗanon alade. Kasko kuma ɗaya ne: ta soya wa na gabanka, ta watsa ludayin ruwa ta juye, ta ɗora naka. Sai batun jini. Taliyar da ake kira "kwai tiyau ruwa" da jini ake kaurara romonta, kuma in ka ga wani yanka mai ruwan hanta kusa da kaza a kan shinkafa ko a cikin miyar kwakwa, daskararren jini ne, ba hanta ba.

Saboda haka shago ake fara zaɓa, kafin a zo maganar abinci. Tambarin halal na hukuma mai kusurwa huɗu ne da ke tsaye a kan tsininsa, da kalmar halal da rubutun Larabci a tsakiya, Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta ƙasar ke bayar da shi. Masu tebur a bakin titi da yawa ba su da wannan takarda. Alamarsu jinjirin wata da tauraro a kan koren allo, ga mai abincin da hijabinta. Yi mata sallama, amsar da za ta ba ka ta ishe ka shaida. Daga Pratunam ba ka da nisa da lungu na 7 a titin Phetchaburi, inda masallacin Darul Aman yake, kuma kewayensa shagunan Musulmi ne. Jirgin ruwan haya da ke bin magudanar Saen Saep yana tsayawa a Pratunam, ya kai ka har Ramkhamhaeng, can ma abincin halal ba ya yankewa. Akwai kuma unguwar Bang Rak kusa da masallacin Harun. Layin Larabawa na Sukhumvit 3/1, kusa da asibitin Bumrungrad, kowa ya san shi, amma abincin Larabawa ne da tsadarsa. In don ɗanɗana girkin ƙasar ka fito, ba nan ba ne.

A shagon Musulmi fara da "khau mok gai": shinkafa ce da aka dafa da kurkum da kayan ƙamshi, da cinyar kaza a ciki, a barbaɗa soyayyar albasa, a ba ka wani koren miya mai zaƙi da tsami a gefe. Bakin Bahaushe ba ya baƙunta da ita. Haɗa da "sup hang wuwa", farfesun wutsiyar sa mai lemun tsami da ɗanyen barkono. Akwai "masaman", miyar kwakwa mai dankali da gyaɗa, ba ta da yaji sosai. Tsirensu "sate" ne, ana tsoma shi a miyar gyaɗa, amma a wajen wanda ba Musulmi ba kusan kullum na alade ne, kada ƙamshi ya ja ka.

In yunwa ta kama ka inda babu Musulmi, nemi "pla pau", gasasshen kifi sukutum da aka lulluɓe da gishiri aka gasa a kan gawayi; ana ɓare fatar a ci tsokar. Ko ka duba tuta ruwan ɗorawa mai jan rubutu, alamar abincin "je" ce, wanda babu nama, babu kifi, babu ƙwai a cikinsa, awara ce da ganye. A shagunan 7-Eleven ma wasu abincin leda na ɗauke da tambarin halal, juya bayan ledar ka duba.

Ƙananan gidajen abincin iri biyu ne. Na farko "khau kaeng": tire-tiren miya a jere, a zuba maka shinkafa ka nuna da yatsa, kala ɗaya ko biyu ko uku, kuɗin na ƙaruwa da kowace kala. Ba ka buƙatar yare. Illarsa ita ce da safe ake girkawa a ajiye, kuma miyar kwakwa ba ta jure zafin garin. Je tsakanin hantsi da ƙarfe ɗaya, lokacin da ma'aikata ke layi. Tiren da ya kai la'asar, mai ya taso samansa ya yi fata, bar musu kayansu. Irin wannan abincin kan jawo wa baƙi ciwon ciki. Na biyu "ahan tam sang", inda ake soya maka nan take. Ƙa'idarsa sauƙi gare ta: sunan girki, sai sunan nama. Kaza "gai", naman sa "nuwa", kifi "pla", jatan lande "kung". Misali "pat kaprau gai, khai dau": niƙaƙƙiyar kaza da aka soya da tafarnuwa, barkono da wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya, a ɗora soyayyen ƙwai a kan shinkafar. Faranti ɗaya a irin waɗannan wurare yakan kama bat (kuɗin ƙasar) 50 zuwa 80. Amma fa farantinsu bai kai cikin ɗan kasuwar da ya wuni yana zagaye ba. Ka ce "piset", a ƙara maka da ɗan ƙarin bat 10 ko 20. Don ladabi, namiji yana rufe magana da "khap", mace da "kha". Wannan 'yar kalmar tana sauya fuskar mai abinci.

Yaji kuwa, kada ka ce ai mu 'yan attarugu ne. Gaskiya attarugu ya fi ƙaramin barkononsu zafi in aka gwada ɗaya da ɗaya. Bambancin shi ne mu muna dafa shi a miya ya laɗabtu, su kuwa ɗanye suke dakawa da 'ya'yansa, su haɗa da lemun tsami, kuma tsami yana ƙara masa kaifi. "Mai pet" shi ne ban da yaji, "pet nit noi" kaɗan, sai dai kaɗan ɗin mutumin Tailan ba naka ba ne. Dabarar da ta fi ita ce ƙidaya, musamman a "som tam", kwaɗon ɗanyar gwanda da ake dakawa a turmi a gabanka. Ɗaga yatsa biyu ka nuna barkono, ka tsaya a nan a ranar farko. Ka tuna turmin ma yana riƙe da yajin wanda ya riga ka. Nemi "som tam tai", mai gyaɗa da busasshen jatan lande. Wanda ake sa wa "pla ra", wato ruɓaɓɓen kifi mai warin da ya ninka na daddawa, da ɗanyar ƙaguwa, ba na baƙo ba ne, cikinka bai saba ba.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne sukari. Suna zuba shi a soyayyar taliya, a miya, a kwaɗo. Shayinsu mai launin ruwan lemo da ake sha da ƙanƙara, madarar gwangwani mai kauri ce da sukari a kai. Mai ciwon suga ya riƙe "wan noi", zaƙi kaɗan, ko "mai wan", ban da zaƙi. Wanda gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa da borin jini, ya sa a rubuta masa da rubutunsu a waya ya riƙa nunawa, domin ana niƙa jatan lande a cikin haɗin miya inda ido ba ya gani.

A kan tebur za ka tarar da 'yan kwalabe huɗu: sukari, garin barkono, ruwan kal mai yankakken barkono, da ruwan kifi. Wannan na ƙarshen shi ne gishirinsu, ƙananan kifaye ne da gishiri ake jerawa a bar su wata da watanni su tsumu. Ɗanɗana tukuna, sannan ka ɗiga rabin ƙaramin cokali. Gishirinsa ya wuce yadda kake zato. Cokali a dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin, ba a kai shi baki. 'Yan sandunan nan biyu na taliya ne kawai, ba wanda zai sa ka ci shinkafa da su. Shinkafa mai danƙo da ke zuwa a ɗan kwando da hannu ake cinta, a mulmula kamar lomar tuwo a dangwala. In ku uku ne ko huɗu, kowa ya karɓi farantin shinkafarsa, ku sa kala huɗu a tsakiya: mai romo, soyayye, ganye da kifi. Ba a jere suke zuwa ba, wanda ya nuna shi ake kawowa, ku fara kawai.

Ruwan famfo ba a sha, ka ce "nam plau" a kawo na gora. Ƙanƙara mai rami a tsakiya daga kamfani take, ba ta da matsala.

Wajen biya, "kep tang khap". Riƙe 'yan bat 20, 50 da 100, don mai tebur ba ta son takardar 1000, kuma biyan waya da za ka ga kowa na yi yawanci sai mai asusun bankin ƙasar. Ba a tilasta ihisani. In ka bar canjin tsaba, alheri ne. Gidan da ka ga alamar ++ kusa da farashi zai ɗora kashi 10 na hidima da kashi 7 na haraji. A ɗakunan abinci na manyan kantuna kuma kati ake fara saye a loda masa kuɗi, ka karɓi ragowarka a ranar kafin ka fita. Ranar Litinin masu tebur a bakin titi da yawa a Bankok ba sa fitowa, ranar sharar tituna ce, sai ka shirya cin ta wannan rana a shago mai ƙofa.