Sautin fim ɗina ya lalace, kwamfuta za ta iya gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwana shida muka yi muna ɗaukar gajeren fim a unguwar Yelwa, nan Garwa, da makirufon kan kyamara. Hoto ya yi kyau, amma da muka zauna montaj, wato haɗa fim ɗin a kwamfuta, sai na ji muryoyi can nesa kamar daga rijiya, ga gurnanin janareto, ga iska tana dukan makirufo. Wani ya ce in biya shi, yana da manhajar da ke wanke sauti tas. Da kuɗin aro na yi aikin, jarumin kuma ya koma Marwa. Barci ya ƙaurace mini. In biya shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, fim ɗinka bai mutu ba, amma kada ka ba shi ko dala tukuna. Ciro minti ɗaya daga fitowar da ta fi muni, ka ce ya wanke a gabanka. Ka saurara da abin kunne, sannan a lasifikar waya, domin a nan yawancin mutanenmu za su kalla.

Gurnanin janareto yana raguwa, tunda ƙara ce mai tafiya a kan layi ɗaya. Haka zizar wutar lantarki, wadda a nan Kamaru take kan hez 50, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, ana iya yanke ta. Iskar da ta doki makirufo kuwa, da muryar da ta fashe saboda ta haura sifili, wato iyakar ƙarfi a ma'aunin na'urar ɗauka, waɗannan sai dai a rufa musu asiri. Ba sa dawowa yadda suke.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan da nake ji a kusan kowane wurin ɗauka: "Bari kawai, za a gyara a kwamfuta." Wa ya faɗa muku? Darakta zai yi awa guda yana jiran rana ta sauka don haske, amma ba zai ba mai sauti minti biyu a kashe fanka ba. Na taɓa tsayawa a wani tsakar gida riƙe da sandar bum, wato doguwar sandar da ake rataya makirufo, injin markaɗe yana ta kuka a bayan katanga. Na ce a tura yaro ya roƙi mai injin ya dakata, aka ce ina ɓata lokaci. Fitowar uwa ce tana yi wa ɗanta bankwana, matar ta yi hawaye na gaske. Da aka saka ta a manhaja, injin ya tafi, muryar kuma ta koma kamar mai magana a ƙarƙashin ruwa. Dalili kuwa, hayaniya da murya a zangon sauti ɗaya suke zaune, musamman tsakanin kilohez 2 zuwa 4 inda baƙaƙe ke fitowa. Ka kankare ɗaya, ka ci naman ɗayar. A Hausa kuma in "ƙ" da "k" suka cakuɗe, ko karin sauti ya gurɓace, ma'ana ce ta tafi. Masu yawo da laftof suna alkawarin wanke sauti ba za su gaya maka wannan ba, sai sun karɓe kuɗi su ce ai daga ɗaukarka ne.

Kuma lallai daga ɗaukar ne. Duk sanda tazara ta ninka, murya tana sauka da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Makirufo a rabin mita daga baki, da makirufo a kan kyamara mita 4, bambancin desibel 18 ne, alhali kukan janareto da na 'yan moto yana nan yadda yake. A ɗakin siminti mai rufin kwano ma, amsa-kuwwa ce ke cike gurbin. Wannan ita ce rijiyar da kake ji.

Mafitarka ita ce sake ɗaukar murya a inda ta gagara. Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 200 ne, hau mota ka sami jarumin. Kada ka yarda ya turo ta WhatsApp, matse sauti yake yi. Ku sami ɗaki, ku jingina katifu a bango, ku rataya barguna, yana kallon bakinsa a allo yana maimaitawa jimla jimla. Saita na'urar ɗauka a kilohez 48, bit 24, kada kololuwar murya ta wuce desibel 12 ƙasa da sifili. Sannan ka koma gidan da kuka yi aikin, a irin lokacin, ka naɗi shirun wurin na minti guda ka shimfiɗa a ƙarƙashin maganar, in ba haka ba za a ji ɗinki.

A aikinka na gaba, janareto ya koma bayan gini da doguwar waya, makirufo ya sa rigar gashi mai tare iska in hunturu ya kama, a tsara ɗauka yadda za a kauce wa lokutan kiran salla. Kuma mutum ɗaya ya sa abin kunne tun daga farko har ƙarshe, da ikon cewa a sake, ko da darakta ya ɓata rai.