Tambayi Likita: Baba na jin muryata, amma ba ya jin ta matata

Daga Fagge: Likita, mahaifina ya haura shekara 70. In na yi masa magana yana ji, amma in matata ko jikokinsa ne sai ya yi ta cewa "na'am?". Har ta fara zaton da gangan yake yi.

Malam, ka ba uwargida haƙuri, Baba ba da gangan yake yi ba. A maƙogwaro akwai tantani biyu da ke karkarwa in iska ta bi ta tsakaninsu, su ne tushen murya. Na namiji sun fi tsawo da kauri, suna karkarwa kamar sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa ɗaya. Na mace kuwa sau 165 zuwa 255, shi ya sa muryarta ta fi siriri. To kunnen tsufa siraran sautuka yake fara rasawa, musamman irin su "s", "sh", "f" da "ts". Sai ya ji ana magana amma bai tsinci kalmomin ba. Ba wai maganar mata ba ta fita ba ce, ga mai lafiyayyen kunne sau da yawa ma ta fi ta maza fita tiryan-tiryan. Kada ta ɗaga murya, ihu ƙara dagula kalmomin yake yi. Ta tsaya gabansa yana ganin bakinta, ta yi magana a hankali, a kashe rediyo ko fanka. Sannan ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a auna jinsa. Wani lokacin ma dattin kunne ne kawai ya toshe.

Daga Gwale: Ni malamar Islamiyya ce, muryata ta dishe wata biyu ke nan, abokan aikina maza kuwa lafiyarsu lau.

Malama, wata biyu ya yi yawa. Dishewar da ta wuce mako uku sai likita ya leƙa maƙogwaro da na'ura. Tantanin muryarki yana haɗuwa kusan ninki biyu na na namiji a magana iri ɗaya, ga ajin yara da hayaniya, ga ƙurar hunturu. Hakan kan sa wani ɗan ƙulli mai tauri ya fito a kan tantanin, kuma an fi ganin sa a mata masu koyarwa. Ki yawaita shan ruwa, ki daina yawan gyaran murya da raɗa, don raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi. In da hali, ki nemi ƙaramar lasifika.

Daga Tarauni: Ɗana ɗan shekara 14, muryarsa wani lokaci kauri, wani lokaci siriri.

Hajiya, balaga ce. Maƙogwaronsa ne ke girma, za ki ga zakaran wuyansa ya fara fitowa. Muryar za ta daidaita da kanta, ba ta buƙatar magani. A dai hana ƙannensa tsokanarsa.