Likita, aiki na neman kwantar da ni

Tambayoyi uku na zaɓo yau, duk a kan wajen aiki.

Tambaya: Salam Likita, ni kashiya ce a banki. Tun daren da zan wayi gari in koma aiki gabana ke fara faɗuwa, ƙeyata ta riƙe, barci ya gagara. Na je asibiti an auna komai an ce lafiyata lau. Abin da ke ɗaure min kai manajanmu ya fi ni tarin aiki amma shi garau yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na yarda da ke, ba raki kike ba. Bambancinki da manaja shi ne shi yana da ta cewa, zai iya ɗage aiki zuwa gobe, ya miƙa wa wani, ya rufe ofis ya huta minti goma, ke kuwa layi na gabanki, ko banɗaki sai kin nemi izini, in kuɗi suka yi giɓi kuma a wuyanki. Tun 1979 wani masani Robert Karasek ya bayyana wannan, cewa aikin da ya fi cin jiki shi ne mai matsi da yawa wanda kuma ba a ba mutum ikon tsara yadda zai yi shi ba. Binciken Whitehall na biyu da aka fara a Landan a 1985 ya bi ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, aka ga waɗanda ba su da ta cewa a aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Jiki ne ke zama cikin shirin ko-ta-kwana, yana ta sakin sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya na bugu da sauri, naman wuya ya ɗaure, shi ne ciwon ƙeyar nan da kike ji.

Ki samu manajan lokacin da ba cunkoso ki nemi abu ɗaya ƙarami takamaimai, misali a tsayar miki da lokacin hutu da wani zai riƙe miki kanta. In kika ce masa kawai kin gaji zai ce kowa ma ya gaji. Ki kuma rage shan abubuwa masu hana barci daga la'asar.

Tambaya: Likita ina aiki awa 12 kullum, kwana shida a sati, shekara huɗu kenan. Ni dai ba na jin komai, matata ce ta dame ni wai zan kashe kaina.

Amsa: Malam, matarka ta fi ka gaskiya. Awa 72 kenan fa a sati. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai yin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma kashi 17, in aka gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. Kuma hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau alhali yana ta ɓarna. Ka je a auna jininka da suga satin nan dan Allah, ka samu barcin awa bakwai. In ka ji ƙirji ya danne, ko hannu ya mutu, ko baki ya karkace, asibiti nan take.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, da ina son aikina sosai, yanzu ko ganin yaran ba na so, abu kaɗan sai tsawa. Shugabanmu sai in ka yi kuskure yake sanin kana nan, abokan aiki kuma kowa ta kansa yake.

Amsa: Wannan ta taɓa ni wallahi, don mu ma a asibiti mun san shi. Alamomi uku ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2019 na mutumin da aiki ya tsotse: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, sannan ka ga ba ka taɓuka abin kirki kamar da. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce matsin aiki ne da aka bari ya daɗe, wato gyaran ba a wuyanka kai kaɗai yake ba. A 1988 Johnson da Hall sun duba ma'aikata a Suwidin suka ga matsi da rashin iko sun fi illa in mutum ba shi da mai dafa masa. Ka nemi ko mutum ɗaya cikin malaman ku dinga zama, ku yi musayar darasi, ku je wajen shugaban tare, zan yi mamaki in kai kaɗai ne ke jin haka.

Amma Malam ka lura, in baƙin cikin ya bi ka har gida, ya kai sati biyu ba ka jin daɗin komai, ba ci ba barci, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, to ya wuce gajiyar aiki, ka ga likita ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa kada ka jira hutun ƙarshen zango.