Taron kamfe ba ƙuri'a ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa filin kamfe ke cika maƙil amma rumfar zaɓe ta zama wayam. Ai yawancin taron nan haya ce. A unguwarmu na ga an cika motoci da matasa, kowa da hula da riga da ɗan abin sayen mai, washegari kuma su ne dai a taron wata jam'iyyar.

Duba zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023. Masu rajista sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8 da ɗoriya, Atiku da Obi na biye, Kwankwaso ya kwashe Kano. Ga wahalar canjin kuɗi a lokacin, ga INEC ta yi alkawarin ɗora sakamako a shafinta na intanet mai suna IReV kai tsaye, aka wayi gari na shugaban ƙasa bai hau kan lokaci ba. Wanda ya sha rana a layi ya ga haka, da wane baki za ka ce ya sake fitowa? Taliya da atamfa ba sa goge wannan.