Amsar Kawu kan fiɗar naman tarko

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tambaya maimakon ka ci gaba da ɓarnar fata. Ka ce ka ɗana tarko a gefen gonar dawarku ta Gadarif a ƙasar Sudan saboda zomaye da dila, amma duk fatar da ka fiɗe sai ta yage, ko kuma gashin ya zube. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa marigayi kakanku ba ya yarda wanda ya ɗana tarko ya koma barci bayan sallar asuba. Ai amsar tambayoyin nan biyu guda ce.

Kakanninmu da suka sauka garin Mai Wurno na Sudan a bakin kogi, bayan yaƙin Burmi na 1903, akwai maharba da majema da dukawa a cikinsu, kowa da sana'arsa. Majemi kuwa ba ya karɓar fatar da ta yini a jikin mushe. Shi ya sa ake sammakon duba tarko. Idan ka iske dabbar da ranta, ka yi bisimilla ka yanka, ta halatta ke nan. Idan ta mutu a igiya kafin ka zo, mushe ce, naman ya tafi. Fatarta ma, abin da muka karanta a Risala shi ne ana iya amfani da ita in an jeme, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Fatar irin su dila kuwa, in dai an yanka, babu laifi a yi salla a kanta ko a kai ta kasuwa. Ka ga barcin safe yana iya raba ka da nama da kuɗi gaba ɗaya.

Bayan hukunci kuma akwai sauƙin aiki. Dabba tana da ɗumi, fata na rabuwa da tsoka ba gardama. Ta sandare, sai ka yi ta kokawa. In kuwa rana ta take a kanta, irin zafin nan na watan Afrilu, ciki ne ke fara lalacewa, za ka ga fatar mara ta yi kore-kore. Wannan ko wane gwani ka kai wa, gashin sai ya tsige.

To ga yadda ake yi. Kafin wuƙa ta taɓa ta, ka kakkaɓe ƙasa, ka tsince ƙarangiyar da ta maƙale a gashi, don duk inda ƙaya ta dunƙule nan fata ke hujewa wajen karta. Ka rataye ta da ƙafar baya a reshe, daidai ƙirjinka. Fiɗa a ƙasa aikin gaggawa ne, ga yashi ga ciwon baya. Ka zagaye idon sawu biyu na baya da wuƙa, sannan ka tsaga daga dunduniya guda, ka bi cikin cinya, ka wuce ta ƙarƙashin wutsiya zuwa ɗaya dunduniyar. Kaifin wuƙa ya kalli sama, ka yanko daga ciki zuwa waje, don kada ka datse gashi. Kusan nan aikin wuƙa ya ƙare.

Abin da yaran yanzu ba su yarda da shi ba ke nan: hannu ke fiɗa. Ka cusa babban yatsa tsakanin fata da tsoka, ka riƙa turawa, in dabbar da girma ka sa dunƙulen hannu. In santsi ya dame ka, shafa toka a tafi. Wutsiya ba a tsaga ta tun farko. Ka samu ƙananan itace biyu ka matse ƙashin a tsakaninsu, ka ja a hankali, ƙashin zai zaro ya bar fatar. Daga nan ka kama fata da hannu biyu ka ja ƙasa, kamar mai tuɓe wa yaro riga. In ta cije, duba da kyau, za ka ga wani farin tantani ne ya riƙe, shi kaɗai za ka ɗan shafa wa wuƙa, bakinta na kallon nama. A ƙafafun gaba ka turo gwiwa waje, ka zagaye wuyan ƙafa. A kai ne haƙuri ke ƙarewa: kunne a yanke guringuntsinsa daga jikin ƙoƙon kai, ido da leɓe a bi su dab da ƙashi. Irin wannan fiɗar ce ake yi wa akuya in salka ake so, ba a farke ciki.

Zomo ba ya son ƙarfi, fatarsa ba kauri, ja kaɗan ya ishe shi. Hura iska ta ƙafa da ka gani a mayanka kuwa na tumaki da awaki ne, ƙaramar dabba ba ta bukata. Tunku da inyawara suna da wari a gindin wutsiya, ka kauce wa wurin, in ka fasa shi ko matarka ba za ta bar ka ka shigo da fatar gida ba.

Da ka gama, ka zura fatar a kan sassaƙaƙƙen itace, gashi a ciki, ka kankare kitse da bayan wuƙa ko cokali. Kitse ne ke ƙona fata. Ka zuba gishiri mai laushi har cikin kunne da wutsiya, a nan ne za ka tsaga wutsiyar don gishiri ya ratsa. Ka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da karnuka. Rana tana busar da baya ta bar ciki ɗanye. Sauran aikin na bagaruwa ne, garad ɗin nan da ke ko'ina a kasuwa, amma ka gaya wa majemi da gashi kake son ta, kada ya jefa ta ruwan toka.

A gidanmu fata ta mai tarko ce, yaron da ya riƙe maka ƙafa kuma yana da kai da kayan ciki, maƙwabci ko cinya guda ce a aika masa. Abu biyu kuma ban yarda ka yi ba. Kada ka matsa kusa da gandun namun daji na Dindir da tarko, tun 1935 aka hana farauta a cikinsa, kuma kada wani mai ɗinka takalmin markub ya ruɗe ka da kuɗin fatar damisa. Dilar da ka ga tana dalalar da miyau ko ba ta tsoron mutum, kada ka fiɗe ta, haukan kare na kama su. A kashe a binne. In akwai rauni a hannunka ma, bar wa ƙanenka aikin ranar.

Fata ta gaba da za ka fiɗe, ka aiko mini hotonta ta WhatsApp, ciki da baya, musamman wajen kunnuwa. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka