Fim ɗin dambe na barkwanci: ina iyakar zolaya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mu ƴan wata fada ne (majalisar samari) a Zango nan Damagaram, muna son mu haɗa ɗan fim na ban dariya da waya, irin mai kwaikwayon finafinan harbe-harbe, mu sa siyasa a ciki. Ya za mu yi kar mu ɓata wa mutane rai?

Amsa: Wa alaikumus salam samari. To abu na farko sai ku san fim ɗin da kuke zolaya ciki da waje, don dariyar tana fitowa ne daga abin da kowa ya saba gani, akta ɗaya ya kashe rundunar bos harsashinsa bai ƙare ba, ya fito daga wuta ko rigarsa ba ta ƙone ba. Haka fim ɗin barkwanci na Amurka Hot Shots! Part Deux na 1993 ya yi wa finafinan Rambo, har da Saddam Hussein aka sa a ciki ana masa shaƙiyanci, amma in ka kalle shi yanzu wasu wuraren da aka nuna Larabawa ba daɗi gaskiya, kun ga an tashi daga zolayar mai mulki an koma kan jama'a.

Siyasar kuma kar ku tsaya kuna wa'azi, mai kallo ba yaro ba ne. Bos ɗinku ya yi alkawarin ruwan famfo, a nuna ƴan garuwa na bin layi a bayansa, ya isa, ƴan Damagaram za su gane. Ku zolayi hali, ku bar sunan mutum da ƙabila, addini kam ko kusa. Kafin ku sa a TikTok ku nuna wa wani dattijo a unguwa.