Tambayi Inna: Yaron da ke Shigewa Ƙarƙashin Benci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni malama ce a wata firamare a Gadarif, a gabashin Sudan, ina riƙe da 'yan aji uku. Akwai wani yaro Bahaushe ɗan shekara tara a ajina, iyayensa sun gudo da shi daga Wad Madani lokacin da yaƙi ya ci garin a Disambar 2023. Da iska ta buga ƙofa, ko salansar raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta yi ƙara a titi, sai ya faɗa ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa. Sau biyu yana sakin fitsari a wando. Ran nan wani yaro ya dafa shi ta baya, ya juyo ya fasa masa leɓe. Abokan aikina sun ce taurin kai ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakarsa ta ce iska ce, a kai shi ruƙiyya. Sau uku ina kiransa ya faɗa mini abin da ya gani, ko uffan bai ce ba. Yaran ajin sun haura saba'in. Ta ina zan fara? Malama, daga Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da idonki ya tsaya a kan yaro ɗaya cikin saba'in.

Ki fara da daina tambayarsa abin da ya gani. Na san da kyakkyawar niyya kike yi, domin ni ma na taɓa yi. A 2022, bayan rikicin da ya tashi a jihar Blue Nile cikin watan Yuli, an kawo mini wata yarinya daga wajen Damazin. Na tsayar da ita gaban aji na ce ta ba 'yan uwanta labari, wai don su tausaya mata. Ta buɗe baki, jikinta ya ɗauki rawa, daga ranar sai da ta yi mako biyu ba ta leƙo makaranta ba. Har yau abin yana ci mini rai. Yaro ba ya ba da irin wannan labari sai ya tabbata ya tsira, kuma shi zai zaɓi ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2011 kan taimakon farko ga waɗanda bala'i ya girgiza, ta ce a saurari wanda ke son magana, amma kada a matsa wa kowa ya yi.

Batun bulala kuwa, ki tsaya tsayin daka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa wanda aikinsa gadi ne. Da ya ji alamar haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadaran firgita, zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama, mutum ya gudu, ko ya kai duka, ko ya sandare. Duk wannan yana faruwa kafin tunani ya iso. Yaron da ya kwana yana jin harbi, mai gadin nan nasa bai samu labarin an bar Madani ba. Shi ya sa ƙarar ƙofa ke kai shi ƙasa, shi ya sa hannun da ya zo ta baya ya sha naushi. In aka ɗora masa bulala, an tabbatar masa ke nan cewa ajin ma ba wurin tsira ba ne. Wannan ba ya nufin a ƙyale shi ya daki mutane. In ya huce, ki zaunar da shi, ki ce masa duka ba ya halatta a ajinki, ya ba ɗan uwansa haƙuri. Sauran yaran kuma ki koya musu su riƙa zuwa masa ta gaba suna kiran sunansa.

Abin da ke kwantar da mai gadin nan shi ne babban mutum guda wanda ba ya sauyawa. Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Amurka har suka kai shekara arba'in. Cikin waɗanda suka tashi a wahala mai tsanani, kusan ɗaya bisa uku sun girma lafiya lau, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun wani babba da ya riƙe su da gaske: kaka, ko maƙwabciya, sau da yawa kuma malamin makaranta. Ke ce wannan mutumin yanzu, 'yata, kuma abin da ake nema gare ki bai fi ƙarfinki ba ko da yara saba'in.

Ki tsaya a bakin ƙofa kullum da safe, ki kira sunansa, ki gaishe shi da Hausa. Na san da Larabci ake karatu, amma yaron da ya firgita harshen da uwarsa ke rarrashinsa da shi ne ke fara isa kunnensa. Ki mayar da shi inda bayansa zai jingina da bango, idonsa na ganin ƙofa. Ita ƙofar ki sa mata dutse ko ki ɗaure ta da tsumma. Ki ba shi aiki nasa na kansa, kamar goge allo ko ɗauko alli, wanda in bai zo ba za a ji rashinsa. Yarinyar nan tawa da haka ta dawo. Na je gidansu na ce mata babu mai ɗaukar mini rajista, daga nan muka riƙa cin ful ɗinmu, wato dafaffen wake, tare lokacin fatur, wato karin kumallo, ba na tambayarta komai. Sai da aka yi wata huɗu, rannan tana tsakiyar ci, ta ce mini, "Malama, akuyarmu a ɗaure muka bar ta." Daga akuya ta fara, sauran ya biyo baya a hankali.

In ya shige ƙarƙashin benci, kada ki ja shi, kada ki bari a taru a kansa. Ki ba aji abin rubutawa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki sassauta murya: "Raksha ce. Nan Gadarif ne. Ga ni nan." Ki riƙa jan numfashi a hankali inda zai gan ki, jikinsa zai bi naki. Ki ajiye wando guda a jakarki saboda ranar fitsari, a sauya ba tare da kowa ya sani ba, domin dariyar yara tana iya raba shi da makaranta fiye da tsoron kansa.

Kakarsa kuma kada ki yi jayayya da ita. Ki je ki gaishe ta, ki sha jabanarta, wato gahawarta, ki tuna ita ma gudowa ta yi. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina malaman addini ba, yana ganin a yi aiki tare da su. A yi wa yaro addu'a, a tofa masa Falaƙi da Nasi, kaka ta shafa masa kai kafin barci, wannan duk alheri ne. Abin da za ki roƙe ta shi ne kada a kai shi inda ake duka, ko ɗauri, ko tsawa a kunne da sunan fitar da aljani. Idan kuma ya daina cin abinci, ko yana maganar mutuwa, ko yana faɗuwa ya sume yana kakkafewa, ko watanni suka wuce abin sai gaba yake yi, to a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Farfaɗiya ciwo ce daban, kuma tana da magani.

Ke ma ki samu wata cikin malamai da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, domin tun da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 babu wanda yaƙin nan bai taɓa ba.

Abu na ƙarshe: tun da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025 mutane ke komawa gida. Ki tambayi iyayensa ko suna da niyyar tafiya. In za su tafi, ki sanar da shi da wuri, aji ya yi masa sallama, ki rubuta 'yar takarda zuwa ga malamin da zai karɓe shi, ki faɗi inda ya fi son zama da aikin da ya iya. Wancan karon a guje ya bar makarantarsa, bai yi ban kwana da kowa ba.